Kiwon habbar a Jidda: abin da na rubuta daga Maris zuwa Agusta

Juma'a, 14 ga Maris 2025

Kawu ya kira ni bayan asuba ya ce in zo Tuwal, garin masunta a arewacin Jidda, da bokiti mai murfi. Jiya da suka ɗaga gurar waya, irin wadda masunta a nan ke kira sakhawi, sun tarar habbar ya manna ƙwai a jikin igiya. Yawanci kankare su ake yi da wuƙa a watsar a bakin ruwa rana ta busar. Tun bara nake roƙonsa ya ajiye mini idan ya sake gani.

Ga wanda bai taɓa zama bakin teku ba, habbar ɗin da nake nufi shi ne mai faɗin nan da ake jerawa a kasuwar kifi ta Bangala a Jidda, mai farin ƙashi a gadon baya, ƙashin da masu kiwon tsuntsaye ke saya suna rataya wa kanari a keji. Ba kifi ba ne, dangin katantanwa ne da ya mayar da kwansonsa cikin jiki. Yana da gajerun hannuwa takwas da wasu dogaye biyu da yake ɓoyewa a aljihu ƙarƙashin idanu. Irin da ya fi yawa a nan masana na kiransa Sepia pharaonis, kuma wani Bajamushe mai suna Ehrenberg ne ya fara siffanta shi a 1831 daga Bahar Maliya. Ana samunsa daga nan har Japan da arewacin Ostareliya.

Ƙwan farare ne, cunkushe wuri guda, na ƙirga 64. Kawu ya yanko igiyar gaba ɗaya don kada a ɓamɓare su. Na kawo su gida da jarka shida na ruwan wurin, na rataye igiyar a tankin gilashi mai lita 100 a ɗakin ajiya, na saka iska tana ɗan kaɗa su a hankali.

Litinin, 17 ga Maris

Tankin da matatar ruwa aro ne daga shagon kifin ado da nake wa aiki. Matatar tsohuwa ce mai aiki, da soson da ya riga ya zauna, abin da nake buƙata ke nan. Na sayi kayan awon amoniya da gishiri riyal 140, famfon iska riyal 60, jarkoki riyal 90. Gishirin ruwan giram 39 ne a lita, zafi digiri 26. Ruwan Bahar Maliya dama ya fi na yawancin tekuna gishiri, kuma a ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ƙafewa da sauri, don haka kullum ina cike gurbin da ruwan daɗi da aka tace. Duk wani abu mai tagulla na fitar daga ɗakin, har maganin kifi na shago, domin tagulla guba ce ga wannan dangi.

Asabar, 22 ga Maris

Ƙwan sun kumbura, ɓawon ya yi garau har ana hango na ciki. Idan na haska tocila daga gefe ina ganin idanu biyu da ƙwallon kwaiduwa da yake raguwa kullum. Bakwai sun yi duhu sun yi laushi, na cire su da almakashi kafin su ɓata sauran.

Masu bincike a Jami'ar Caen ta Faransa sun nuna a 2008 cewa ɗan habbar irin na Turai yana kallon waje tun yana cikin ƙwai, kuma waɗanda aka nuna wa ƙaguwa kafin ƙyanƙyasa sun fi son ƙaguwa bayan sun fito. Wannan ya sa na bar wasu 'yan ƙananan jatan lande suna yawo a kwalba kusa da igiyar. Na hana yara buga gilashi, saboda firgita na sa su fito kafin lokaci da sauran kwaiduwa a baki, irin waɗannan kuma da wuya su rayu.

Laraba, 26 ga Maris

Na dawo daga tahajjud na tarar tara sun fito. Da dare suke ƙyanƙyashewa. Tsawon jikin kowanne bai kai santimita ɗaya ba, amma komai nasa a cike yake, har tawada. Ɗaya ya sauka kan yashi, ya hura ruwa a ƙarƙashinsa, ya yi 'yar girgiza, ya watsa yashi a bayansa, sai idanu kawai a waje. Ba uwa ba uba, ba wanda ya nuna masa.

Asabar, 29 ga Maris

An gama ƙyanƙyasa, 48 ke nan. Na farko-farkon sun fara ci. Gobe Sallah.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Samun ƙwai da ƙyanƙyasa ashe mai sauƙin ne, a abinci gizo ke saƙa. Ɗan habbar ba ya kallon abin da ba ya motsi. Na gwada niƙaƙƙen jatan lande, na gwada abincin kifi na gwangwani, ko juyowa ba su yi ba. Abin da suke so shi ne maisid, wasu 'yan mitsi-mitsin dangin jatan lande masu tsawon santimita guda ko ƙasa da haka, da ke taruwa gungu-gungu a ruwa marar zurfi kusa da duwatsu. Da dare nake kamo su da tocila da koma mai laushi. A goman ƙarshe na azumi ruwa ya kwanta, ina samu yadda ya kamata. Tun ran Sallah iskar arewa ta taso, ruwan bakin gaɓa ya gurɓace, gungun ya watse, sai in dawo da abin da bai isa goma ba balle arba'in da takwas.

Na ƙyanƙyashe ƙwan atimiya, wasu 'yan mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri da ake ciyar da ƙananan kifi da su, daga shago don toshe gibi. Suna kamawa, amma ba ya riƙe su. Waɗanda suka dogara da shi sun yi fari fat, sun daina nutsewa a yashi, suna shawagi a saman ruwa kai ƙasa. Zuwa yau goma sha ɗaya sun mutu. Biyu daga ciki 'yan uwansu ne suka cinye, na ga ɗaya rungume da wani da bai fi shi ƙanƙanta da komai ba.

Abin da ya cece ni shi ne soson matatun shago. Cikinsu cike yake da ƙananan ƙwarin ruwa masu lanƙwasasshen baya da muke wankewa mu zubar. Maigidan shago ya ce in kwashe duk yadda nake so. Na matse soso a roba na tace, na zuba musu, cikin minti kaɗan tankin ya hargitse da farauta. Na kafa baho biyu a gefe da soso da ganyen teku don in riƙa kiwon ƙwarin da kaina.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Na yi lissafi. Kowane ɗaya yana cin abin da ya kai wani kaso mai tsoka na nauyinsa a kullum, kuma girman nasu ba ya tsayawa. Talatin da bakwai sun fi ƙarfina. Na ware sha biyu mafiya kuzari, sauran ashirin da biyar na kai wa Kawu ya sake su a inda aka ɗaga gurar, cikin ruwansu na asali.

Muna zaune a gindin jirgi yana gyaran igiya na sake ɗauko masa maganar ƙwan da ake kankarewa. Ya ce, "Ɗana, mai jirgi gura yake so a wanke a mayar, ba ƙwai yake ƙirgawa ba." Na ce, "Haka ne Kawu, amma habbar ba ya daɗewa a duniya, shekara ɗaya ne zuwa biyu, kuma macen tana gama zuba ƙwai take mutuwa. Abin da za ku kama baɗi shi ne wannan da ake zubarwa a rana." Habbar yana barin zurfi ya matso ruwa marar zurfi lokacin haihuwa yana neman abu mai tauri da zai ɗaura ƙwai, shi ya sa yake bin gura. Gurar tana kama uwa, tana kuma kwashe ƙwan. Ban roƙi kowa ya bar sana'arsa ba. Abin da na roƙa shi ne a ɗaura guntayen tsohuwar igiya a jikin gura, idan an manna ƙwai a yanke guntun a ɗaura shi a wani dutse ko tsohon anga a mayar ruwa. Mako biyu zuwa uku ne su fita. Kawu ya yi shiru, can ya ce zai gwada a nasa gurorin, ba zai yi wa na mutane alkawari ba. Na karɓi hakan.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Santimita biyu da ɗoriya. Sun koma cin ƙananan jatan lande na bakin gaɓa. Canjin ruwa jarka huɗu. Mai da ƙanƙara a makon nan riyal 85.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Yau na zauna gaban tanki daga la'asar har magariba ina kallon farauta, na ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya don in iya bin abin da ido ba ya kamawa.

Wani masani ɗan Ingila, J. B. Messenger, ya kasa harin habbar kashi uku tun a 1968, kuma yadda ya faɗa haka nake gani. Da farko jatan lande zai motsa, idanun habbar su juyo, launin jikinsa ya canza nan take, ya ɗaga hannuwa biyu na sama wani lokacin yana ɗan kaɗa su. Sai ya juya dukkan jiki har bakinsa ya saitu da abin. Na biyu shi ne gyara tazara. Da siririn fiffiken da ya zagaye jikinsa yake tafiya, gaba ko baya, har ya rage kusan tsawon jikinsa tsakaninsu. Idan jatan landen ya matso da yawa, ja da baya yake yi. Hannuwa takwas sun haɗe sun yi tsini, kawunan dogayen biyu sun leƙo daga tsakiya. Daga nan sai harbi. Dogayen hannuwan suna isa kan abin cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba. A bidiyon ma hoto ɗaya ne ko biyu. Kawunansu masu mannewa ne, su janyo abin zuwa ga takwas ɗin, ya cije shi a bayan kai, shi ke nan.

Kawu da ya ga bidiyon ya ce hawainiyar ruwa ce, ga rikiɗa ga harshe. Ya yi gaskiya, sai dai rikiɗar habbar ba ta jira. Fatarsa cike take da ƙananan jakunkunan launi da tsoka ke buɗewa da rufewa bisa umarnin ƙwaƙwalwa, shi ya sa launi ke sauyawa kafin ƙiftawar ido. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne gwaje-gwaje sun nuna ba ya bambance launuka yadda muke yi, haske da duhu da tsarin zane yake karantawa, amma na sa farin yashi a rabin tankin da baƙin tsakuwa a rabi, duk wanda ya tsallaka sai ya saje da inda ya sauka.

Suna kuskure kuma. A kowane hari biyar na ga kusan ɗaya ya wuce ta gefe, yawanci idan jatan landen ya yi tsalle da baya daidai lokacin harbi. Ba sa bin sa a guje, sai su sake saiti daga farko. Akwai ɗaya da ya ƙware wajen hura ruwa a kan yashi. Jatan lande da ya binne kansa zai motsa don ya sake rufuwa, motsin nan ne ke tona masa asiri.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na saka ƙananan ƙaguwa karo na farko. Nan salon ya canza gaba ɗaya. Ba su harba dogayen hannuwa ba, sai suka zagaya ta baya inda ƙahon cizo ba ya kaiwa, suka faɗa kanta da hannuwa takwas a buɗe suka lulluɓe. A miyaunsu akwai dafi mai kashe jikin ƙaguwa, ba a daɗe ba ƙafafunta suka saki. Da safe kwanso kawai na tsinta, an sutale shi tas. Ɗaya ya afka ta gaba ya sha cizo a hannu, ya saki ya yi baya yana baƙi wuluk. Washegari ta baya ya bi.

Na mayar da su babban wuri. Tankin ruwa na roba mai zagaye na saya riyal 320 na yanke samansa, yana ɗaukar lita 600.

Juma'a, 16 ga Mayu

Daren Talata wata ƙofar ƙarfe ta bugu da iska a gidan maƙwabta. Ɗaya ya firgita ya fesa tawada, sauran suka bi. Da na shiga ruwan ya yi baƙi ba a ganin ƙasa. A teku tawada kan watse, a tanki kuwa tana liƙe musu a matattarar numfashi. Na kwashe abin da ya dunƙule da koma, na canza rabin ruwa da abin da ke jarkoki, na cika matata da gawayin tacewa. Sai gab da asuba ruwan ya washe.

Biyu sun mutu. Wasu uku sun yi rauni a ƙarshen baya, saboda idan habbar ya tsorata da baya yake cillawa, ya daki bango. Ɗaya daga cikinsu yanzu ba ya iya sauka ƙasa, yana tsaye a karkace a saman ruwa. Farin ƙashin nan ɗakuna ne sirara jere, da su yake daidaita ruwa da iska ya nutse ko ya taso, ina zaton nasa ya tsage. Na zagaye cikin tankin da labulen leda mai laushi, na rufe rabin sama da allo don su sami inuwa, na bar ƙaramar fitila tana ci da dare don kada kunna wuta ya zo musu farat ɗaya.

Juma'a, 23 ga Mayu

Mai karkacen ya mutu. Saura tara, santimita bakwai zuwa takwas. Sun fara karɓar mataccen jatan lande idan na soke shi a tsinke ina kaɗawa. Wannan babban sauƙi ne, kilo ɗaya daga Bangala riyal 35 yana kai mako.

Lahadi, 8 ga Yuni

Babbar Sallah ta zo da jarrabawa. Ran Juma'a mun tafi gaisuwa wajen dangi, muka dawo bayan isha'i muka tarar mukayyif ɗin ɗakin ya mutu, ɗakin kamar an rufe tanda. Ruwan ya haura 33. Duk tara sun taru wajen bakin iska suna numfashi da sauri, jikinsu fari.

Ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, su kuma jininsu mai ruwan shuɗi ne, da tagulla yake ɗaukar iska a maimakon ƙarfe, bai kai namu ɗauka ba. Zuciya uku gare su amma duk da haka ba su da juriyar kifi a irin wannan hali. Maman yara ta kwaso duk gorunan ruwa masu ƙanƙara da ke firiza, babbar 'yata ta bi maƙwabta ta karɓo nasu. Muka riƙa jefa su a rufe muna sauyawa, a hankali, domin saukar da zafi da gaggawa ma kisa ne. Na ƙara bakin iska biyu, na kafa fanka tana busa saman ruwa. Masu gyara duk suna hutun Sallah, sai yau aka samu wanda ya zo, ya karɓi riyal 450.

Uku sun tafi, har da mai hura yashin nan, wanda ya fi kowa girma. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Na yanke shawarar ba zan sake dogara da sanyin ɗaki kaɗai ba a zafin Jidda.

Juma'a, 20 ga Yuni

Na samu na'urar sanyaya ruwa ta hannu a kasuwar Haraj, riyal 850. Na saita ta a 26. Jimillar abin da na kashe zuwa yau ta ɗan haura riyal 2,900, ban da mai. Shidan suna ci da kyau.

Juma'a, 4 ga Yuli

Yanzu ana gane maza da mata. Biyu sun fara fitar da zane-zanen ratsi masu kauri a gadon baya, da wani layi mai sheƙi shuɗi-shuɗi a gindin fiffike. Idan suka haɗu sai su jeru gefe da gefe, kowa ya baje hannunsa na ƙasa, ratsin ya yi kaifi, fuska ta yi duhu, har ɗaya ya janye. Na raba tankin da raga, kowane namiji da mata biyu.

Na saka 'yan ƙananan kifi masu rai don in ga wani abu da na karanta. Masu bincike a Jami'ar Ryukyu da ke Okinawa sun ruwaito a 2017 cewa wannan irin habbar yana lanƙwasa hannuwa yana kaɗa su kamar ƙafafun ƙaguwar nan mai zama a kwanson katantanwa, kuma masu yin haka sun fi kama kifi. Ɗaya daga cikin matan ta yi wani abu mai kama da shi, ta ɗaga hannuwa biyu na sama da baƙin ɗigo a kai, na ƙasa suna motsi gaɓa-gaɓa tana matsowa. Ta kama kifin. Sau ɗaya na gani, zan sake gwadawa da kyamara a kafe.

Asabar, 19 ga Yuli

Barbara da safiyar yau. Namijin ya yi ta shawagi a saman macen yana shafa bayanta da hannu, sai suka juyo fuska da fuska suka sarƙe hannuwa. Da hannunsa na ƙasa na hagu yake ɗauko kunshin maniyyi ya ajiye mata a wani wuri ƙarƙashin baki, inda take adana shi har lokacin zuba ƙwai. Minti kaɗan suka rabu. Tun daga nan bai bar gefenta ba, ko ɗaya macen ta matso sai ya shiga tsakani. Na rataya guntayen igiya da bututun roba.

Asabar, 26 ga Yuli

Macen ta fara zuba ƙwai ran Alhamis. Ɗaya bayan ɗaya take yi. Ta hura ruwa a kan igiya, ta ja baya, ƙwai ya fito ta bututun numfashinta zuwa cikin hannuwa inda yake haɗuwa da abin da ta adana, sannan ta matso ta ɗaura shi da ɗan wutsiyarsa. Ta huta 'yan mintuna ta sake. Wuni guda tana wannan aiki, namijin na tsaye a kanta. Na daina ƙirga a 200. Ta biyu ma ta fara a igiya ɗaya, a jikin na farkon take ɗaura nata.

Wata huɗu ke nan daga ƙyanƙyasa zuwa haihuwa. Masu kiwo a Tailan da Galveston ta Amurka sun jera zuriya bayan zuriya na wannan iri a tanki, don haka ba sabon abu na yi ba, amma ganinsa da ido a ɗakin ajiyar gidana daban ne.

Laraba, 6 ga Agusta

Macen farko ta mutu daren jiya. Kwanakin ƙarshe ta daina ci, fatarta ta yi dabbare-dabbare, idanu suka yi hazo, harbinta ya daina samun ko jatan landen da ke kan tsinke. Na auna ta, santimita 13. Namijinta ma ya rage ci. Na cire ƙashinta na wanke na shanya don in duba layukan ciki.

Ƙwan na mayar da su tankin gilashi, na farko sun riga sun kumbura, ina sa ran fita cikin makon nan. Wannan karon talatin kawai zan riƙe, sauran wani ɗalibin kimiyyar teku da ke zuwa shago ya ce yana so don aikinsa, zai zo da jarkokinsa ran Asabar. Bahon ƙwarin ruwa ya zama huɗu, na kuma kafa na biyar don gwada kiwon maisid, duk da su ma suna cin 'ya'yansu, sai an riƙa tace ƙananan ana warewa kullum. Zan raba 'ya'yan gida biyu, rabi su ga ƙaguwa ta gilashi tun suna ƙwai, rabi jatan lande, in rubuta abin da kowanne ya fara kamawa. Ina buƙatar ƙaramin janareta ko batir na famfon iska kafin ƙarshen wata, an ce mini kusan riyal 400, sai albashi ya shigo.